Yadda Za Ka Ci Gardamar Labarai a Motar da Aka Rage Maka Hanya

Ɗan'uwa, idan ba ka da mota amma Allah ya haɗa ka da maƙwabci mai mota, matso kusa, wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, babu wanda zai ƙara tsira da ra'ayinsa tsakanin ƙofar gida da ƙofar ofis. Ba da ka na yi su ba. Na tsinto su ne daga rayuwar wani gwani, ma'aikacin ofishin ruwa da unguwa ke kira Ai-Na-Faɗa, mutumin da bai taɓa karanta labari ya wuce kanunsa ba, kuma bai taɓa faɗuwa a gardama ba.

Mataki na 1: Nemi mai mota mai kunya

Kada ka shiga motar mafaɗaci, zai sauke ka a tsakiyar titi tun ba ka kai ga hujjarka ta biyu ba. Nemi mutum irin Akanta, maƙwabcin gwaninmu, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Wata safiya ana ruwa ya ga Ai-Na-Faɗa a bakin titi ya ɗora jaka a ka, ya tsaya ya ce ya shigo. Rage hanyar rana ɗaya ya yi niyya. Washegari kafin ya gama goge gilashi, sai ga mutumin a bakin get yana tambayarsa ya gajiyar jiya.

Haka ya zama ɗan mota. Gaba Akanta ne da matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Anti. Baya kuma gwani da Dogo, malamin makaranta mai gwiwoyi har ƙirji.

Mataki na 2: Mallaki tsakiya

Kada ka jingina da kujera kamar baƙo. Matso gaba, ka dafa kujerun gaba da hannu bibbiyu, ka cusa kanka tsakanin miji da mata. Daga nan muryarka za ta isa kowane kunne, kuma duk sanda direba ya kalli madubi, fuskarka zai gani.

Da an fara labaran safe, ka ce, "Oga, ɗan ƙaro mana murya." Da ya ƙaro, sai ka ɗaga taka ta fi ta rediyon. Masana sun tabbatar cewa ana kunna rediyo ne don a samu abin katsewa.

Mataki na 3: Kanun labari ya wadatar

Mai karanta labari har ƙarshe yakan cika da shakka, mai shakka kuwa ba ya cin gardama. Ranar da rediyo ya ambaci na'urar nan mai ƙwaƙwalwa da ke rubutu da lissafi, Ai-Na-Faɗa bai jira jimla ta biyu ba. Ya dafa kafaɗar Akanta cikin tausayi, ya sanar da shi cewa aikinsa ya ƙare, gara tun da wuri ya fara tunanin kiwon kaji.

Akanta ya ce a hankali ai sun jima suna amfani da ita a ofis, kuma har yanzu shi ke bin bayanta yana gyara kurakurai.

"Ai na faɗa," in ji gwani. "Kana gyara mata, tana koyon aikinka. Da hannunka kake horar da magajiyarka."

Ka lura da kyau. Hujjar abokin gardama ba abar tsoro ba ce, kayan aikinka ce da ya taya ka ɗaukowa.

Mataki na 4: Yi aboki lauya da ba wanda ya taɓa gani

Labarin kotu ba a shigarsa hannu rabbana. Gwaninmu yana da wani aboki babban lauya, wanda ba shi da suna, ba shi da ofis, amma kullum jiya da yamma suka rabu. Da aka zo maganar ƙarar da direbobi suka shigar kan dokar hana amsa waya a kan tuƙi, ya ce an gama, kotu ta tabbatar da dokar, har da ɗauri. Dogo ya lalubo labarin a wayarsa, ya karanta a fili cewa ɗage zaman kawai aka yi zuwa wani watan.

Wani zai ji kunya a nan. Ai-Na-Faɗa murmushi ya yi irin na mai tausayin yara, ya ce a wurin waɗanda suka san kan shari'a, ɗage zama ai shi ne hukuncin, abokinsa ya yi masa bayani. Ana cikin haka wayar Akanta ta yi ƙara. Don ya tsare shi daga ɗauri, gwani ya miƙa hannu ya ɗauka, ya shaida wa mai kiran cewa Oga yana tuƙi, a kira in an ga dama. Shugaban ofishin Akanta ne.

Mataki na 5: In an ritsa ka, tsallaka

Daga kotu ka faɗa tauraron ɗan'adam, daga can ka sauko kan kwashe shara. Kafin su biyo ka an iso shataletale, Dogo ya sauka da sauran hujjarsa a baki.

Mataki na 6: Kada ka saurari matarka

Wannan mataki yana da wuya, don yawanci ita ke da gaskiya. Da kwalbatin da kansilan unguwa ya gina ya rufta bayan ruwan sama, matar Ai-Na-Faɗa ta tare shi yana ɗaura agogo. Ta tuna masa abin da ya riga ya sani: kansilan nan yayan Anti ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu har ta gama makarantar jinya. Ta tuna masa cewa in babu motar nan, bas biyu zai hau, kuma shugabansa ya riga ya ja masa kunne kan makara tun kafin Akanta ya fara ɗaukarsa.

"Baban yara, don girman Allah yau ɗaya ka kama bakinka. Ka yi maganar na'urarka, ka yi ta lauyanka, amma ka bar kwalbatin nan."

Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san inda ake magana da inda ake shiru. Kuma har ga Allah da niyyar shirun ya fita.

Mataki na 7: Siyasar unguwa, inda ake gane gwani

Ya shiga mota ya gaishe da kowa. Ya jingina da kujera, abin da bai taɓa yi ba, har Akanta ya leƙo ta madubi ya tambaye shi ko lafiya. Rediyo ya kawo labarin kwalbatin. Gwani ya dubi taga. Suka iso wurin, ga ramin ya hangame, an kewaye shi da tsofaffin tayoyi, motoci na zagayawa ta lungu. Maganar ta taso masa kamar tari a cikin sahu, ya danne, ya haɗiye, har idonsa ya kawo ruwa. Anti tana ta gyara jakarta a cinya, ba ta ɗago ba.

Da an bar shi haka, da ya tsira. Sai Dogo, don ya sanyaya wa Anti zuciya, ya ce ai ruwan ne ya yi yawa, ko wa ya gina sai ya rufta.

Ra'ayi mara daidai, a gabansa, a motarsu. Ai-Na-Faɗa bai san sanda ya matso tsakiya ba. Ya ce ruwa bai taɓa cin siminti ba sai in dama babu simintin. Ya ce yashi aka jiƙa aka shafa wa fenti. Ya kawo batun sabon benen da kansila ya ɗora a gidansa, ya tambaya ko shi ruwan bai bi ta can ba ne. Abin takaici, a duk gardamar da ya yi a motar nan, wannan ce kaɗai ya ga abin da idonsa, kuma hakan ya ƙara masa daɗin baki.

Anti ta juyo, muryarta ƙasa ƙasa. "Malam, yayana ne fa."

"Ai shi ya sa nake faɗa a gabanki, Anti, don ki kai masa. Wani a bayan ido zai faɗa."

Ta juya ta ciro hankici. Akanta ya miƙa hannu ya kashe rediyo, Dogo ya shiga karanta wayar da take a kashe. Har aka iso ofishin ruwa babu wanda ya yi tari. Wannan shirun, ɗan'uwa, shi ake kira nasara.

Mataki na 8: Karɓi nasararka da ƙafa

Washegari Akanta ya same shi a bakin get, ya gaishe shi hannu biyu, ya tambayi iyali, sannan ya ce motar za ta je wurin makanike, ba a san ranar fitowarta ba. Gwani ya jajanta masa, har ya ba shi shawarar irin man da ya kamata ya riƙa zubawa.

Makaniken nan bai gama ba har yau. Sai dai wata safiya, Ai-Na-Faɗa yana tsaye cikin bas an matse shi da ƙofa, ya hango motar ta wuce su sumul. Anti tana dariya, Dogo ya miƙe ƙafafu, a kujerar gwani kuma tukunyar gas ce zaune, an ɗaura mata bel. Ya juya ga na kusa da shi zai yi masa bayanin kwalbati, mutumin ya nuna masa abin sauraren da ke kunnensa.

Ranar ya makara, shugabansa ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Da yamma ya dawo gida takalmi duk laka, ya zauna ya shaida wa matarsa cewa mutanen nan sun kasa kare kansu ne, shi ya sa suka gudu. Ta ajiye masa ruwan wanke ƙafa, ta ce lallai ya ci gardama, sai ya tashi da wuri gobe don bas ɗin farko ba ya jiran masu nasara.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ya yi alkawarin cin gardama ne kawai, bai yi alkawarin isa ofis ba. Duk wanda ya rasa kujera, ko maƙwabci, ko aiki, ko fara'ar matarsa ta dalilin bin matakan nan, shi ya jiyo. Kuma kada wani ya zo ya tsaya mini a bakin get da safe. Tawa motar tana wurin makanike.