Yadda Ake Tsallake Tafki da Sanda Mai Lamba Takwas Bayan Ƙarfi Ya Tafi

Ya kai dattijon da ƙwallonsa ta fara saukowa tun ba ta kai inda ido ya aike ta ba, kwantar da hankalinka. Dabarar da zan shimfiɗa maka tabbatacciya ce. An gwada ta a filin golf ɗinmu na nan Lahore, kuma wanda ya gwada ta, Khawaja Sarfaraz mai fataucin darduma, tun daga ranar babu mahaluƙin da ya sake ganin ƙwallonsa a ruwa. Bi ta sau da ƙafa, na yi maka alkawari mutuncinka ba zai zube ba. A kan mutunci kaɗai na yi alkawarin.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da sanda take aunawa

Masu koyar da wasa za su ce maka dubi nisan tuta, dubi iska, ɗauki sandar da za ta kai. Rabu da su, abincinsu suke nema. Kowace sanda akwai lamba a gindinta. Mai ƙaramar lamba tana kai ƙwallo nesa ko a hannun wa take, mai babbar lamba kuwa sai da ƙarfin damtse. Ka ga ashe ba nisan fili lambar take aunawa ba, abin da ya rage maka na mazantaka take sanar da jama'a.

Khawaja Sarfaraz ya san haka sarai. Tun gashin bakinsu yana baƙi wuluk suke wasa duk Lahadi shi da amininsa Rana Dilawar, likitan haƙori da ya ajiye aiki. A rami na sha huɗu akwai tafki kwance a gaban tuta. Da ƙuruciya tana ɗibarsu suka rantse cewa duk wanda ya kai ga ba ya iya tsallake tafkin nan da lamba takwas, ya rataye jaka ya koma baranda, inda tsofaffi ke zaune da bargo a gwiwa suna hirar ciwon suga da wanda ya mutu a makon. Dā su huɗu ne masu rantsuwar. Yanzu saura su biyu.

Mataki na biyu: Ka nemi wanda zai ɗauki laifi

Ranar da ƙwallonka ta ce tsundum, kada ka kalli hannunka. Kalli sama, ka yi tsaki.

"Khawaja Sahib," in ji Rana Dilawar, "kifayen nan fa sun fara gaishe ka da suna."

"Hayaƙin garin nan ne, Rana Sahib. Ya yi wa iska nauyi."

"To ni tawa ta wane gari ta bi?"

Ka yi dariya tare da shi, amma ka sani wannan mataki ba ya ɗorewa. Iska, sabon takalmi, hankakan da ya yi kuka a daidai lokacin bugu, duk za su ƙare maka. Khawaja Sarfaraz ya koma gida ya zauna gaban abinci ya kasa kai loma. Tsoro ne ya kama shi, tsoron Lahadin da Dilawar zai wuce ta gaban baranda da jaka, ya ɗaga masa hannu daga nesa.

Mataki na uku: Ka ziyarci mai zanen tagulla

A cikin tsohon gari akwai lungun da ake zana sunaye a jikin faranti da kofunan gasa. Kada ka je da direbanka, direba baki gare shi. Naɗe sandarka mai lamba shida a cikin 'yar darduma, ka hau keke mai ƙafa uku kamar kowa.

Mai zanen, Ustad Miraj Din, ya gyara tabarau, ya juya sandar, ya sake juyawa.

"Sahib, ai shida ce."

"Takwas ce. Kamfanin ne ya yi kuskure."

"To, Allah ya shiryi kamfani," in ji Ustad, ya jawo 'yar gudumarsa. Kafin shayin da aka kawo ya huce ya rufe wa shida kai, ta koma takwas cif, ya goga mata toka don kada ta yi ƙyallin sabuwa.

Takwas ɗin gaskiya kuma ba ta da sauran zama a jakarka. Khawaja ya jingine tasa a bayan ƙofar kicin, washegari ya tarar da matarsa, Begum Shagufta, tana kakkaɓo gwaba da ita.

"Wannan ba ta cikin jakarka ba ce?"

"Ta yi ritaya."

"Ita dai ta san lokacinta," in ji Begum, ta ci gaba da kakkaɓa.

Mataki na huɗu: Ka bar ƙarfe ya yi magana

Shida ta ɗan fi takwas tsawo, saboda haka kada ka yarda sandarka ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta abokinka. Mai ɗaukar maka jaka zai gane tun a zaro na farko. Kada ka damu, ya ga abin da ya fi wannan.

Ranar Lahadi Khawaja ya tsaya gaban tafki ya buga. Ƙwallo ta tashi, ta haye ruwa, ta sauka kusa da tuta ta kwanta.

"Kai! Da me ka buga wannan?"

A nan wawaye ke kuskure, su buɗe baki. Kai dai juya masa gindin sandar ya karanta da idonsa, kana kallon wani wajen kamar abin bai dame ka ba. Ba ka yi ƙarya ba, karatu ya yi.

Rana Dilawar ya karanta, ya rungume shi yana bubbuga masa baya. "Tsohon banza! Ashe kana nan da ranka!"

Mataki na biyar: In abokinka ya fara faɗawa ruwa, ka ba shi shawara

Shekaru ba su san rantsuwa ba, sun iso kan Rana Dilawar shi ma. Matsalarsa ita ce irin mutanen nan ne masu gaskiyar tsiya, waɗanda ko su kaɗai ne a daji sai sun ƙirga bugun da suka ɓarar. Takwas ɗinsa ta gaskiya yake zarowa, ƙwallon kuma ta yi abin da ƙwallon ɗan saba'in ke yi.

Ka ce masa ya ƙara lanƙwasa gwiwa. Ka ce ya riƙa shan madara da gyaɗar almond da safe. Shawara kyauta ce, tana kuma nuna kai na ƙwarai ne. Dilawar ya sha madarar, ya sayi ƙarfen motsa jiki, ya murɗe kafaɗa, ƙwallo ba ta fasa wanka ba.

A nan Khawaja ya kusa ɓata mana aiki, don tausayi ya kama shi.

"Dilawar ɗan'uwana, rantsuwar yarinta ce fa. Ɗauki bakwai mana, wa zai sani?"

"In ɗauki bakwai? A gaban wanda ya girme ni yana tsallakewa da takwas?" Dilawar ya kafe shi da ido. "Sadaka za ka ba ni, Sarfaraz? Mu biyu muka rage cikin masu rantsuwar. Kai ka riƙe taka, ni ma zan riƙe tawa."

Ka ga amfanin abota da mai gaskiya. Da kansa yake rufe ƙofar da ka buɗe masa.

Mataki na shida: Ranar sallama, ka cika bakinka da abinci

Ɗan Rana Dilawar da ke Toronto ya daɗe yana roƙon uban ya dawo wurinsu. Kullum amsar ɗaya ce, wa zai riƙa lallasa Sarfaraz ranar Lahadi? Yanzu amsar ta ƙare. Dilawar ya ce shi ba mai zaman baranda ba ne, ya ba surukinsa jakar, aka sayi tikiti.

Suka zauna shan shayin ban kwana su biyu.

"Ka san abin da ke sanyaya min rai?" in ji Dilawar. "Ɗayanmu bai tsufa ba. In sanyi ya kulle ni a ɗaki a can, zan riƙa gaya wa jikokina ina da aboki a Lahore da har gobe yake tsallake tafki da takwas. Wallahi ina alfahari da kai."

Wannan ne wuri mafi haɗari a duk dabarar. Gaskiyar maganar za ta zo maka har baki. Gajeriya ce ƙwarai, kuma in ka faɗe ta zai zage ka tas, ya yi dariya har da hawaye, wataƙila ma ya fasa tafiyar. Amma zai san kai wane ne. Khawaja Sarfaraz ya buɗe baki, ya dubi fuskar amininsa, sai ya ɗauki samosa ya tura. Ya daɗe yana taunawa.

Mataki na bakwai: Ka ci moriyar nasararka

Yanzu filin naka ne. Khawaja yana fita duk Lahadi shi kaɗai, ƙwallo tana haye ruwa lafiya lau, mai jaka yana latsa wayarsa. Da yamma waya za ta yi ƙara daga Toronto, murya ta fito tana tari.

"Tsoho, har yanzu takwas?"

"Har yanzu takwas."

"Madalla! Ka riƙe mana ita."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya ce ƙwallo za ta tsallake, ta kuwa tsallake. Babu ruwansa da abin da ya tafi tare da ita, kuma ba ya karɓar ƙorafi daga masu ciwon ƙirji, masu kasa barci, ko masu tsayawa bakin tafki su manta abin da ya kawo su. Wanda ke neman abokin wasa ranar Lahadi ya tuntuɓi Khawaja Sarfaraz. Yana isowa da wuri, kuma har yau karin kumallon mutum biyu yake sa a kawo.