Rasuwar Uwar Zabbi, Kwamfutar Injin Ƙyanƙyasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, ni Ɗantsoho mai injin ƙyanƙyasa na bayan tashar Gagarawa nake sanar da 'yan'uwa da abokan hulɗa, na nan gida da na Gumel da na rugagen Sule Tankarkar, rasuwar tsohuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Uwar Zabbi. Kada wani ya ce tsufa ne ya ɗauke ta. Raini ne ya kashe ta, irin rainin da ake yi wa mai aiki ɗaya, kuma mai rainin ɗan ƙanena ne, Abdurra'uf. Na kama sunansa ne domin sanarwar mutuwa ba wurin rufa-rufa ba ce.

Marigayiyar ta zo mana daga Damagaram a bayan babur, ta riga ta manyanta, fentinta ya koɗe, gefenta a lotse. Ba ta nuna hoto, ba ta waƙa. Lokaci kawai ta sani. Tana da ɗan agogonta na kanta a ciki, da shi take gane sa'ar kunna wa ƙwai ɗumi, da sa'ar kashewa, da sa'ar juya tiren ƙwai. In aka tashe ta da safe takan ce tit, sau ɗaya, kamar mai amsa sallama. Daga nan sai fankarta, fuuu, wuni guda. In kuwa ka ji ƙar-ƙar-ƙar, to an juya ƙwai, ba sai ka leƙa ba.

Kowa ya san zabuwa ba uwa ba ce, ta saka ƙwai a ciyawa ta kama gabanta. Shi ya sa in damina ta faɗi mata ke tsinto ƙwai su kawo mini, kowace ta yi wa nata alama, wannan da lalle, waccan da gawayi, Adda Juwairiyya 'yar ruga kuwa da ɗigon shuni. In sun ƙyanƙyashe a raba, ga kasona ga nasu. Amana ce ta baki da baki, kuma shekara da shekaru marigayiyar ba ta taɓa sa wata mace ta dube ni sau biyu ba.

Jinyarta ta faro ne ranar da Abdurra'uf ya shigo da sabuwar kwamfuta, wadda yake cika wa direbobin Maigatari takardun kaya da ita. Ya ce tsohuwa na cin batirin sola kamar fara a gona. Ya ce sabuwar tana da ɗakuna a cikinta, ana saukar da kwamfutoci da yawa a ciki kamar baƙi, da wani sarkin gida mai raba musu aiki. Wai zai kwashe duk abin da ke kan Uwar Zabbi ya zuba a ɗaki ɗaya, ta ci gaba da aikinta ba gangar jiki. Na tambaye shi agogon fa. Ya ce Baffa agogo ɗaya ne a gidan, sarkin gida ke zagawa yana ƙwanƙwasa wa kowane baƙo ƙofa, baƙo ya ɗauka nasa agogon ne ke bugawa. Har ya ƙara da cewa yawan ƙwanƙwasar ma ɓarnar wuta ce, ya gyara yadda za a riƙa tara ta a kai wa baƙo a dunƙule. Na ce masa ashe ladan ma zai iya tara kiran salla biyar ya yi su gaba ɗaya da yamma, ya huta. Ya yi dariya. Na ce taura biyu ba ta taunuwa, na hana.

Ya jira na tafi Gumel duba ido. Kafin na dawo ya zare wayoyin marigayiyar ya jona wa sabuwar, ya jingine ta a rumfar baya, inda kowa ya san kwano na yoyo. Ya ce ya gwada, komai daidai. To, ranar da ba kasuwa kowane jaki ma sauri gare shi.

Alhamis ta zo, ranar kasuwar Maigatari. Takardu suka yi ta shigowa ta waya kamar ruwan Agusta, sarkin gida ya duƙufa a ɗakin manyan motoci, ya manta da ƙofar mai ƙwai. Ɗumi kuwa a kunne yake, yana jiran a ce masa ya isa. Mai ɗakina Kande ce ta ji wari. Ta taɓa ƙofar injin ta janye hannu, ta ce Malam wannan ai tanda ce. Na dubi allo, agogon baƙuwa mai ƙwai na cewa hantsi, alhali an idar da azahar. Ina kiran Abdurra'uf ke nan sai ƙwanƙwasar da aka tara ta iso mata gaba ɗaya. Tire suka shiga kai da komowa kamar ana tankaɗe, muna tsaye muna jin ƙwai na bugun juna.

Na ce a ɗauko tsohuwa. Aka ɗauko ta ruwa na ɗiga daga gindinta. Abdurra'uf ya goge ta da rigarsa, ya jona. Ta ce tit. Wallahi na ɗauka mun tsira. Sai ta ce tsss, wani siririn hayaƙi ya fita ta bayanta, fanka ta tsaya. Ta amsa sallama ta cika.

Kafin la'asar zaurena ya cika da mata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ni kuwa ƙwan mutane ne a nawa aljihun. Adda Juwairiyya ta tako a ƙasa tun daga ruga. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a haska nata a gabanta. Na rufe ƙofa, na kunna tocila, ina ɗaga masu ɗigon shuni ɗaya bayan ɗaya, muna neman ko inuwa za ta motsa a ciki. Ba wadda ta motsa. Da su ta yi niyyar kafa wa 'yarta kiwo, zabbi kuwa ba sa sake saka sai wata daminar. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, Baffa Ɗantsoho, kai na ba, ba injin ba.

Marigayiyar ta bar allo mai tsaga a kusurwa, da madannai da suka rasa haƙori biyu, da injin ƙyanƙyasa wanda ya zama maraya. Ta bar ni, ta bar Kande, ta bar matan da yanzu suke gaishe ni a taƙaice.

Za a fitar da ita ranar Asabar da hantsi. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, mun san iyakarmu. Abdurra'uf zai ɗauke ta a ka, a ƙasa, ba babur ba Keke, ya ratsa tsakiyar tasha zuwa shagon Sajo mai gyaran rediyo, wanda zai cire abin da ke da sauran amfani. Zaman makoki a zaurena ne. Masu ta'aziyya kada su kawo komai, mata masu ƙwai dai su zo da kwanduna.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A wurin makokin za a kama zabbin Abdurra'uf talatin da huɗu, manya masu saka, a raba wa matan, Adda Juwairiyya ce za ta fara zaɓa. Ragon da ya turke wa layya shi ma ya tafi, don zabbin ba za su isa ba. Mabuɗin ɗakin injin ya dawo aljihuna. Sabuwar kwamfutar kuwa an bar masa, in ya matsu ya tambaye ta ƙarfe nawa.