Rasuwar Mai Baki, Wayar Malam Usaini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, iyalan Malam Usaini manomin rani da ke gefen Bunkure suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Baki. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin kwatar ruwa, a cikin tafin hannun mai ita.

Marigayiyar ta shigo gidan ne shekarar da ciwon ido ya ɗauke ganin Malam. Tun daga lokacin ita ce idonsa. Ya shafa fuskarta da yatsa, ta karanta masa farashin kwandon tumatir da saƙon 'yarsa Surayya da ranar da za a saki ruwa a layinsu. Ba ta taɓa ce masa ta gaji ba. Ta sha faɗawa taɓo ta tashi.

Ciwon ajalinta ya faro ne da ofishin masu kula da ruwa suka sabunta shafinsu na intanet. Da can rubutu suke sawa, ta karanta tsaf. Sai suka koma ɗaukar hoton takardar sanarwa suna ɗorawa, ba suna, ba layi ɗaya na bayani a ƙarƙashi. Malam ya nemi "ranar ruwa" a wurin bincike, ba abin da ya fito. Ya shiga shafin, ta ce masa, "Hoto." Ya ja ƙasa. "Hoto. Hoto." A ɗaya daga cikin hotunan nan aka ce za a rufe ruwa don yashe kwata. Malam bai ji ba. Ya sa aka yi dashen tumatir, dashen ya ƙone ƙurmus.

Ya sa aka ɗauke shi a babur har ofishin. Wani ma'aikaci ya ce, "Baba, ai mun sa a shafi, kowa ya gani."

Malam ya ce, "Yaro, kowa mai ido. Ni fa, ba gwamnatina ba ce?"

Ya dawo bai daina buɗe shafin ba. Hotunan kuwa manya ne, har da na manyan baƙi suna yanka ƙyalle, nauyinsu ya fi ƙarfin tsohuwar waya. Ta riƙa zafi, cikinta ya kumbura. Ranar Talata ta ce "Ho…" ba ta ƙarasa ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin leda, da layin waya guda, da yayanta rediyo wanda tsufa ya kama. Ta bar Malam Usaini, wanda ya rantse ba zai koma tare mutane a hanya yana roƙon su karanta masa abin da yake haƙƙinsa ba.

Za a taru ranar Alhamis da safe a tashar Kura. Daga nan a ɗauki gawar a adaidaita sahu zuwa ofishin, a shimfiɗe ta a kan teburin mai kula da shafin. Iyalan ba sa karɓar shinkafar gaisuwa. Ba za a rufe ta ba sai an rage wa hotunan nauyi, kowanne an rubuta abin da ke cikinsa. Malam ya ce a faɗa wa masu ofishin zai zo da tabarmarsa da butarsa.