Fiton Akori-kurar Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Yaya Zainab ba, kuma ko na so in manta 'yan unguwarmu ba za su bari ba. Har yau in na wuce ta bakin masallacinmu na Ogui sai wani ya yi mini fito. Ba fiton kira ba fa. Wani fito ne na musamman, fiiiw-tof-tof, kuma ni kaɗai aka ware wa shi a duk Enugu.

Bari in fara daga motar. Kakana, Baba Alhaji, yana da wata akori-kura fara (da dai fara ce, yanzu ta koma kalar kunun gyaɗa). Ya saye ta ne bayan sun dawo daga Arewa da yaƙi ya ƙare, lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, kowa na gini, kowa na neman albasa da busasshen kifi. Ta yi Anaca, ta yi Fatakwal, ta girmi babana. Injinta lafiya lau, amma salansarta, kai jama'a! Tun daga kwanar mai bulo za ka ji ta tana fito kamar buta a kan wuta, sannan ta yi tari biyu. Fiiiw-tof-tof. In ya kai ni makaranta a cikinta, tun daga nesa nake cewa, “Baba, nan ma ya isa, ina son in ɗan taka.”

Su biyun kuma, shi da kakata Inna, tsufa ya raba musu aiki. Shi kunnensa ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kamar kana faɗa. Ita kuma yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Amma tun ina yaro, da motar ta karyo kwana, Inna za ta miƙe ta ɗauki kofin silba da ruwan randa, ta bi bango har zaure. Shi kuma ba ya fitowa daga mota sai ya hango ta. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda take sanin shi ne ba. Kun san kai in ya cika da waya.

To, satin bikin ne sakamakon jarrabawarmu ya fito, ba keri-oba ko ɗaya. Omo, ƙafata ba ta taɓa ƙasa! Ga shi na kwashe hutun ina kallon bidiyon masu gyaran mota, har ina ji kamar ni na ƙera injin farko a duniya. Sai shaiɗan ya raɗa mini: surukai za su zo daga Fatakwal da manyan motoci, mu kuma za mu tarbe su da buta mai fito? Haba.

Ana gobe ɗaurin aure aka ba ni mukulli in ɗauko kujeru da rumfa. Na ɗauko su, daga nan na zarce garejin wani Oga Emeka, wanda ba shi ne mai yi wa Baba walda ba (da gangan na kauce wa wancan, bakinsa ba ya riƙe magana). Na ce a cire tsohuwar salansa a sa sabuwa, kuma a haɗa mini da katalis, wato wannan tukunyar da ke tace hayaƙi a motocin zamani.

“Alhaji sabi say you come?” in ji shi.

Na ce, “Na surprise, oga.”

“Correct pikin!”

Da ya sauke tsohuwar ya juya ta, sai ya nuna mini wata 'yar huda a gefen bututun, zagayayya tsaf. Ya ce kamar da ƙusa aka yi ta. Na yi dariya na ce tsatsa ce. Har hoto na ɗauka na ɗora a sitatus, na rubuta “Allah ya jiƙan fito.” (In kana cikin waɗanda suka tura mini alamar wuta a ranar, kai ma da hannunka a ciki.)

Aka kunna mota. Shiru. Wallahi kamar mage na barci. Na dawo gida ana kamu, janareta na ihu, mata na kiɗan ƙwarya, ba wanda ya lura. Na leƙa wajen Inna, ta shafa fuskata ta ce, “Maigida, yau ina ka shige? Ko ka yi mini kishiya ne?” Na ce, “Amaryata, gobe za ki ga aiki.” Ta ce, “In gani da wane idon, ɗan nema?”

Washegari muka tafi masallaci. Baba ne ke tuƙi, ni da samari muna baya a tsaye, na sha shadda sabuwa dal, fara tas. Aka ɗaura aure, aka raba goro da alewa, muka juyo. A hanya ne wani wari ya fara tasowa daga ƙasan motar, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Samari suka fara kallon juna. Wani ya ce, “Guy, wa ya ci ɗanwake da safe?” Ni na san daga ina yake, domin tsohon inji ne aka ɗaura wa abin da bai saba da shi ba, amma na toshe hanci tare da kowa na ce, “Gaskiya wasu ba su da tarbiyya.” Baba kuwa, tunda ba ji yake ba, tuƙinsa kawai yake yi.

Muka karyo kwanar mai bulo. Muka tsaya a ƙofar gida. Na duro, na kunna bidiyo, ina jiran tafi.

Ba kowa a zaure.

Baba ya kashe mota ya zauna, hannunsa a kan sitiyari, idonsa a bakin zaure. Baƙi na ta sauka daga motocinsu suna gyara babbar riga, shi bai motsa ba. Can na ga ya cire hula ya ajiye a cinya. Ya kira ni da hannu.

“Ina Hajara?”

Ban taɓa jin ya faɗi sunan Inna ba sai ranar. Muryarsa ma ba tasa ba ce.

Ni fa har lokacin kaina bai kawo wuta ba. Na ce bari in kira ta, na ruga ciki da waya a sama. Tsakar gida cike da mata, an kashe janareta, tukwane a rufe, ba mai magana. Ashe Inna ce ta sa a kashe, wai tana son ta ji dawowar mijinta, kuma ta ce ba mai yin guɗa sai ya iso. Labarin an ɗaura ya riga ya zo ta waya tuntuni. Okada sun sauke mutane, ta ji. Motocin surukai sun tsaya, ta ji. Tana zaune a kan tabarma da kofin silba a hannu, ruwan na rawa yana zuba a zanenta.

“Kowa ya dawo ban da shi,” take cewa. “Asabe, ku daina ɓoye mini. Me ya same shi a hanya?”

Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, tana riƙe da kafaɗarta tana cewa, “Inna, ga motar can an ce ta iso.” Inna ta ce, “Ƙarya ne. Na san muryarta.”

A daidai wannan lokacin ne, jama'a, ɗanku ya faɗo tsakiyar fili da wayarsa, ya buɗe baki ya ce:

“Safrayiiiz!”

Kun san irin shirun da har ƙarar cokali ake ji daga maƙwabta? Shi. Mata sama da cikin bas suka juyo suka zuba mini ido, har da uwar ango. Inna ta ɗago fuska wajen da muryata ta fito.

“Maigida, me ka yi wa motar?”

Na fara bayani. Na ce salansa, na ce katalis, na ce hayaƙi na ɓata muhalli, har da ɗumamar yanayi na ambata (Allah ya yafe mini). Ina cikin zuba sai iska ta kwaso warin nan daga ƙofar gida ta shigo da shi. Gwaggo Asabe ta ja mayafi ta rufe hanci.

“Wannan ma yana cikin safrayiz ɗin, ko kai ne?”

Gidan ya fashe. Har amarya na ji tana dariya daga ɗaki. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce, “Kai ni.” Na kama hannunta, muka bi bango har zaure. Baba na hango ta ya buɗe mota ya fito, ko hular bai ɗauka ba. Ya karɓi kofin, saura ɗan ruwa a gindinsa, ya shanye.

“Kin makara,” ya ce.

Ta matsa kusa da kunnensa. “Kai ne ka shigo kamar ɓarawo.”

Aka yi masa bayani da ƙarfi, sau biyu. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ɗago ya kalle ni. Na shirya wa faɗa. Sai kawai ya yi murmushi, kuma da yake mai nauyin kunne ba ya iya magana a hankali, duk layin ya ji.

“Abokina, ka zaci tsatsa ce? Ni na huda. Da muka dawo garin nan, matar nan ba ta yarda da hanya ba. Lokacin gudun yaƙi ta daɗe tana jirana a tasha ba labari, abin bai bar ta ba. In na tafi Anaca, duk motar da ta wuce sai ta fito. Har ta rame. Sai na sa ƙusa na huda salansa, na ce in ba ki ji wannan ba, ki yi zamanki. Salansa nawa na canza tun lokacin? Kowacce sai na huda ta kafin ta kwana.”

Inna ta ce, “Sai ka faɗa wa duniya.”

“Me?”

“Na ce Allah ya shirye ka!”

Baba ya aika aka kawo ƙusa da guduma daga shagon mai kifi, ya miƙo mini. Haka na kwanta a ƙarƙashin akori-kura da farar shaddata, a gaban surukai 'yan Fatakwal, ƙafafuna a waje kamar na kazar da aka yanka. Bututun bai gama hucewa ba, ya lashe ni a gwiwar hannu. Na buga. Baba ya kunna mota. Inna na tsaye ta karkata kai.

“A'a. Wannan kukan kyanwa ne. Ƙara.”

Na ƙara.

“Ya kusa. Maigida, ba ka ci abinci ba ne? Buga!”

Na rufe ido na maka. Baba ya taka mai.

Fiiiw-tof-tof.

“Shi ne,” in ji Inna, a hankali. Sannan ta juya wajen mata. “To, me kuke jira?”

Gwaggo Asabe ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin irinta ba, ni ina ƙasa tsatsa na zubo mini a baki. Da na fito, Inna ta lalubo fuskata ta goge mini baƙin mai da bakin mayafinta. Ta raɗa mini, “Na gode da kyautar, maigida. Amma ka ga dalilin da ya sa har yanzu ban bar shi na dawo wajenka ba.”

Katalis dai an cire shi bayan kwana biyu, saboda warin ya ƙi tafiya. Yana ɗakina a hostel, da shi nake tokare ƙofa. Bidiyon kuma ashe ban kashe ba, ya ɗauki komai, kuma Yaya Zainab ta tura wa kanta kafin in goge.

Yanzu in na ga abu a gidanmu yana ƙara, ko yana yoyo, ko ya karkace, ba na taɓawa. Sai na zagaya na tambaya ko akwai mai saurarensa. Famfon banɗakinmu ma ya yi wata guda yana ɗiga, Umma na ta yi mini magana. Na ce mata sai na ji daga bakin Inna tukuna.