Ranar da Na Zama Kofur Tukunya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai a ka, da ranar da allon da na haɗa da hannuna ya tona mini asiri.

Ni haifaffen Sabo ne a Ibadan, sana'ata haɗa manhajar kwamfuta. Wani gidan adana tarihin soja ya ba ni aikin tsara allon taɓawa: ka taɓa hoton tsohon soja, bidiyon labarinsa ya fito. Cikin tsofaffin da na ɗauka har da Baba Sajan, kakan Rabi, yarinyar da nake nema. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a ƙofar masallaci, har 'yan okada rage gudu suke.

Lokacin gwajin sauti ina buƙatar bidiyo, sai na kifa tukunyar Inna a ka, na saɓa tsintsiya, na ɗauki kaina ina fareti ina kwaikwayon muryar Baba. Da na gama ban goge ba (ya yi mini kyau ne, Allah ya shirye ni). Ɓoye shi na yi, yadda ba zai fito ba sai an ɗora tafin hannu a allon an daɗe. Wa zai yi haka? Kowa da yatsa yake dangwalawa.

Ranar buɗewa Baba ya zo da lambobinsa a ƙirji, Rabi na riƙe masa sanda, ga hafsoshi jere. Ya tsaya gaban hoton amininsa da ya rasu a fagen daga. Bai dangwala ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan hoton, ya runtse ido, ya fara yi masa addu'a.

Nan take na tuna da bidiyon da na ɓoye.

Sai ga ni na cika allon, tukunya a ka, ina daka tsawa: "Kai yaro! Lokacin da muke Kwango ko haƙori ubanka ba shi da shi!"

Wani hafsa ya dubi allon, ya dube ni. "Oga, na you be dis? Kai ne wannan?"

Baba ya shafa addu'arsa tukuna, sannan ya kalli bidiyon har ƙarshe. Rabi ta tusa mayafi a baki. Ni kuwa na gama sallama auren a raina.

"Ɗana, matso," in ji Baba. "Muryar ka samo ta. Amma da ƙafar hagu soja yake fara tafiya. Mai farawa da dama ba zan ba shi jikata ba."

Wata biyu na yi ina fareti a tsakar gidansa kafin a bar ni mu gaisa da Rabi. An ɗaura auren, amma har yau a Sabo Kofur Tukunya ake kirana. Yanzu kuwa ba na miƙa allo sai na kawo tsoho ya yi addu'a a kansa na ga abin da zai fito.