Koken Lamba Goma Sha Takwas

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Jera Sinadarai, mai ba kowace ƙwayar zarra lamba da mazauni, wanda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan furoton ɗinku suna nan daidai da ilektiron ɗinku, ina neman afuwar rubuto muku. Ni ba mai magana ba ce. Ko a gida sai Umma ta ce in maimaita.

Mu ashirin ne a ajin kimiyya. Malamin Kemistiri ya ga mun kasa haddace sinadarai ashirin na farko, sai ya jera kujerunmu kamar jadawalinku, kowa ya ɗauki sinadarin da ya dace da lambarsa ta rajista. Ni ce ta goma sha takwas, wato Agon. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, a wace ƙasa ce sha takwas da sha tara ba maƙwabta ba ne? Shekara biyu ana kiran lambata, in ce "Na'am," sai a kira tasa. Yanzu ina ƙarshen layi na uku, jikin taga. Shi kuwa Fotashiyam kun kai shi farkon layi na huɗu, can bakin ƙofa. Idan zan ga ko ya zo makaranta sai na yar da biro. Na karanta littattafan soyayya da ba su ƙirgu ba. Na ga an raba mutane da talauci, da mugun kawu, da wasiƙar da ta ɓata a hanya. Ban taɓa ganin an raba su da jadawali ba. Ba wai akwai wani abu tsakaninmu ba. Ya taɓa ara mini rula, ya ce, "Riƙe ta, ina da wata." Shi ke nan. Na faɗa ne don ku san girman ɓarnar.

Na biyu. Kun rubuta cewa Agon na da ilektiron biyu, da takwas, da takwas, zagayenta na waje ya cika, don haka ba ta bayarwa, ba ta karɓa, ba ta haɗuwa da kowa. Wa kuka tambaya? Da ita kuka zauna? Mai yiwuwa kunya ce kawai. Da na kai kuka gida, Umma ta ce, "To ai yabo ne, an ce kin cika." Yaya kuwa har da riƙe ciki, wai tun ba yau ba ta san ni iska ce marar launi marar ƙamshi, sai yanzu kimiyya ta tabbatar.

Na uku, kuma a nan ina roƙon ku gyara zama. Ta gefen hagu kun ajiye mini Kulorin. Ba na cin naman kowa, amma muryarta tana kaiwa ofishin shugaban makaranta. Ilektiron bakwai gare ta a waje, ɗaya take nema. Shi kuma Fotashiyam ɗaya tak gare shi a waje, yana neman inda zai kai. Ran Juma'a Malam zai raba mu bibbiyu don aikin ɗakin gwaji na zango guda, kuma ya ce zai bi yadda sinadarai ke haɗuwa. Tun ranar Litinin take juyowa tana ce mini, "Agon, ara mini madubinki, ke ai ba inda za ki." Mu uku na jikin taga, da Hiliyam da Niyon, an ce mu ne masu wanke kwalabe, tunda ba ma buƙatar kowa. Ina Sodiyam? Shi ma ɗaya gare shi, layinsu ɗaya da ita, kuma idan suka haɗu gishiri ake samu, abin da kowane gida ke so. Me ya hana ofishinku mai adalci ya rufe maganar a nan?

Na huɗu. Na zauna na yi lissafin da kaina. Idan Fotashiyam ya ba Kulorin ilektiron ɗin nan, shi zai koma biyu, takwas, takwas. Ita ma biyu, takwas, takwas. Ranka ya daɗe, duk wannan wahalar don su zama kamar ni ce. To ga ni a zaune.

Na biyar gajere ne. A cikin kowace zarra kun sa ilektiron, mai jin jan furoton, ta yi ta kewaya daga nesa, kun kuma ba nutiron, wadda ba ta jin komai, kujera a gefensa. Wanda ya tsara wannan bai taɓa son kowa ba.

Ba ƙorafi kaɗai na kawo ba. Jiya da la'asar na yage jadawalin da na kwafa a littafina, na naɗe shi jikin kofin shayin Baba, na ɗan karkata shi. Sai ga ƙarshen kowane layi ya taɓa farkon na gaba. Biyu ta haɗu da uku, goma da sha ɗaya, sha takwas da sha tara. Babu lambar da ta canja, babu dokarku da na taka. Ashe ba sinadarai ne suka yi nisa ba, takardarku ce shimfiɗaɗɗiya.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, ku aiko wa Malam umarni a rubuce kafin Juma'a, a jera kujerun a kewaye. Kada ku ce ni na faɗa. Idan ya kira ni gaban aji in yi bayani, suma zan yi.

Ban ce ku hana Kulorin haƙƙinta ba. Idan doka ta ce su abokan aiki ne, su yi aikinsu lafiya. Sai dai ita sha bakwai ce, shi sha tara, kuma kun fi ni sanin lambar da ke tsakani. Duk abin da zai miƙa mata sai ya bi ta kan teburina. Ni kuwa, kamar yadda kuka rubuta da hannunku mai albarka, ba na karɓa, ba na bayarwa.

Taku mai biyayya har zagaye na ƙarshe,

Lamba Goma Sha Takwas,
layi na uku, jikin taga.