Yadda Za Ka Canza Regilata a Motar Ya Fanna Ko Ba Ka Taɓa Riƙe Waya Ba

Bi matakan nan, wallahi kafin azahar duk sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage zai kira ka injiniya.

1. Gyara tarihinka

Takardun kowa sun ƙone a ƙetaren kogin Komadugu, saboda haka kowa ya iso sansani da sana'ar da ransa ke so. Kai da ke tallan batirin tocila a Damasak, ce musu kai ka sa wa Maiduguri lantarki. Wa zai je ya tambaya?

2. Nemi mai matsala

Ga Ya Fanna. A cikin mataccen bas take kwana, wanda wasu masu agaji suka bari da gado a ciki da fanon sola, faifan kama hasken rana, a sama. Regilata, ɗan akwatin da ke kai wutar rana cikin batir, ya fara gardama, salularta kuma ta mutu. Mijinta Abbakar yana can ƙetaren kogi. Ran Juma'a kaɗai yake hawa tudu ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, ya kira ta. Yau Juma'a.

3. Taho da sabo daga Diffa

A shinge soja zai ga akwati mai wayoyi a cinyarka. Kada ka yi masa bayanin kimiyya. Ɗaga hannu sama, ka yi ta maimaita "sola, sola" har ya gaji.

4. Kori masu shawara

Grema, tsohon makaniki, zai leƙo ya ce: "Yaro, rufe fanon da tabarma, ka fara haɗa batir tukuna."
Ka ce: "Baba, wannan aikin da ne." Duk mai gaskiya a wurin aikinka abokin gaba ne.

5. Haɗa

A cikin wayoyin akwai ja, akwai baƙi. Zaɓi wanda ya kwanta maka. Fara da fano, rana na tsaka, batir ya jira.

6. Hayaƙi

Zai fito, da wari irin na ƙonannen takalmi. Gyaɗa kai ka ce: "Yawwa, yana sabawa da wurin ne."

7. Karɓi godiya

Nan ne wuya. Ya Fanna ba za ta zage ka ba. Za ta kawo maka ruwa, ta ce: "Sannu da ƙoƙari, ɗana," ta zauna bakin ƙofar bas da matacciyar salula a tafin hannu, tana danna ta, har la'asar ta wuce. Kunya za ta kama ka. Sha ruwan, kada ka dube ta.

Gargaɗi: babu ruwan marubuci da hayaƙi, da soja, da bakin Grema. Kuma kada wani ya tambaye ni ko Abbakar ya kira a ranar. Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba, don tun daga ranar bai sake kira ba.